Manajan da Ya Ci Garau-garau da Surukinsa

Ni tela ne. Shagona yana kallon ƙofar kamfanin casar shinkafa na Alhaji Sada, nan bakin hanyar da ta fita daga Birnin Kudu ta miƙe Gwaram, saboda haka duk abin da ya shiga ƙofar nan ko ya fito, a kan idona ne. Hambali kuwa, wanda ake ce wa Manaja, tare muka taso a Kiyako. Ni nake ɗinka masa kaya tun yana ɗan siriri har ya ajiye tumbi. In na ce na san shi, ban yi ƙarya ba.

Tun muna yara Hambali bai taɓa ganin abu a wurin baƙo ya bar shi ya wuce ba. Wani malamin gona ya zo garinmu da tabarau, washegari Hambali ya lanƙwasa wayar ƙarfe ya maƙala a hanci. Ya ji wani direba yana cewa "oke", ya wuni yana yi wa mahaifiyarsa oke har sai da ta ɗauko muciya. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Cutarsa ɗaya ce: yana son a girmama shi, kuma ya yi imani cewa girma kaya ne da ake shigowa da shi daga wani gari. Abin da ya tarar a gida kuwa, ko zinariya ce, sunansa ƙauyanci.

Ya yi karatu daidai gwargwado, ya samo difloma, ya dawo ya zauna a bakin titi yana fassara wa mutane labaran rediyo da su ma sun ji da kunnensu. Babu aiki, kuma ya fi ƙarfin fartanya. A wannan halin ya ga Ummussalma, 'yar Baba Barau mutumin Basirka, shugaban masu shanyar shinkafa a kamfanin Alhaji Sada. Kowa ya ce wa tsohon kada ya ba da 'yarsa ga mai takalmi sau-ciki da aljihu wayam. Barau ya tambayi yarinya, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ya ce shi ke nan, ya ba shi. Bai tsaya nan ba, ya je ya durƙusa gaban Alhaji Sada ya roƙa masa aikin akawu.

Daga ranar da aka shafa fatiha, Barau ya soma jin kunyar Hambali irin kunyar mutanen da. Bai ƙara kama sunansa ba, sai dai ya ce "Malam". In ya hango shi a hanya, sai ya ratse ya shiga lungu. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. In Hambali ya durƙusa gaishe shi, tsohon yakan kawar da kai gefe ya amsa a hankali. Akwai ranar da ya shiga mota a tashar Gwaram ya tarar da Hambali a ciki, ya sauko ya ce ya manta saƙo, ya zauna a rana yana jiran wata motar. Mai furfura, sa'an ubansa, yana kauce masa haka. Duk garin nan an san wannan, kuma shi ya sa aka daina yi wa Hambali dariya a fili. Aka riƙa cewa tunda Barau yana ganin girmansa, wataƙila akwai wani abu a tare da shi da mu ba mu gani ba.

Bari in faɗa da babbar murya: a duk rayuwar Hambali, girman gaskiya da ya taɓa samu ke nan. Sauran duk na kujera ne. Shi ma ya sani, don yakan zauna a shagona yana shafa gemu ya ce, "Kai, Baba fa yana ji da ni."

Shekaru suka tafi. Alhaji Sada ya tsufa ya koma zama Kano wurin 'ya'yansa, aka ɗora Hambali a kujerar manaja, ba don ya fi kowa ba sai don shi kaɗai ne mai sa biro a aljihun gaba. Barau ya aika wa Alhaji cewa zai koma Basirka wurin iyalinsa ya riƙe gonarsa, don bai dace mijin 'yarsa ya riƙa ba shi umarni ba. Alhaji ya ƙi. Sai aka yi dabara: duk abin da Manaja yake so a filin shanya, ya faɗa wa Obadiya makanikin inji, Obadiya ya kai wa Baba. Tsarin ya zauna daram, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Matsalar kamfanin ɗaya ce, kuma tsohuwa ce. Da ruwan farko ya sauka, rabin ma'aikata sai su ɓace. Wannan ya ce gwaggonsa ba lafiya, wancan ya ce an yi masa rasuwa a Unguwar Ya, alhali kowa ya san suna gona suna shuka. Akuya ma ta san dalili. Hambali kaɗai ne ya ga abin a matsayin wata cuta mai wuyar ganewa wadda sai an nemo masana.

Ana nan aka gayyace shi taron bita na manajojin ƙananan masana'antu a wani otal a Kano. Mai koyarwar wani ne Dakta Abdulnasir, wanda har yau ban sami mai gaya mini daktan mene ne ba. Kwana kaɗan Hambali ya yi a can, ya dawo da jaka mai tambari, da takardar shaida a cikin gilashi, da ƙwaƙwalwar mutum ta roba wadda ake ɓarewa gida biyu. Ya girke ta a kan tebur. Daga ranar bakinsa bai sake hutawa ba. Ma'aikaci, in ji shi, ba don ciki yake aiki ba, don ƙwaƙwalwa yake yi. Akwai wani ruwa wai shi dofamin da yake zubowa in an yabi mutum, da wani oksitosin da yake sa a amince da juna, da wani mugu wai kotizol da yake tasowa in ƙarami ya ji tsoron babba. Aikin manajan zamani shi ne ya buɗe famfon biyun farko ya toshe na ukun, daga nan ko an kori ma'aikaci ba zai tafi ba.

Ni ban ce ƙarya ne ba, ban taɓa leƙa cikin kan kowa ba. Abin da na sani shi ne famfon gaske da yake tsakar kamfanin ya daɗe da mutuwa, masu casa suna shaƙar ƙaiƙayi babu takunkumi, masu shanya kuma ba su da ko rumfar fakewa rana. Waɗannan ba sa cikin abin da aka koyar a otal, saboda haka Manaja bai gan su ba.

Ya fara da da'irar safe. Kafin a tayar da inji, kowa zai tsaya a kewaye, a rufe ido, a ja numfashi, a sauke, sannan a tafa wa juna. Ƙarti masu gemu, wasu har da jikoki, suna tafi da sassafe babu ango babu amarya. Masu babur suka riƙa tsayawa a ƙofar shagona suna kallo kyauta. Ma'aikata suka sa wa abin suna zikirin Manaja. Amma kada ka zaci akwai wanda ya buɗe baki ya ce masa wannan shirme ne. Ina! Mutanenmu gwanaye ne wajen "to, ranka ya daɗe". Su tafa masa a gabansa, su zo shagona su yi ta kwaikwayon tafiyarsa. Su ma ban ga abin yabo a wurinsu ba.

Sai ya kawo gwarzon mako: wanda ya fi ƙwazo a manna hotonsa a bakin ƙofa, duk mai wucewa ya gani, dofamin ya zubo. Na farko da aka manna, wani mai dakon buhu, mako bai zagayo ba ya faɗi a babur ya karya ƙafa. Uwarsa ta zo da kanta ta ɓalle hoton tana cewa an saka mata ɗa a bakin duniya. Daga nan kowa ya shiga taka-tsantsan kada ya fi ɗan'uwansa ƙwazo. Ban taɓa ganin gasar jan ƙafa irin wannan ba. Hambali ya ce alama ce mai kyau, wai ƙwaƙwalwa ce take sake saiti.

Na ukun shi ne ya taɓo Baba Barau. Hambali ya ce a kamfani babu babba babu yaro. A daina Malam, a daina Alhaji, a daina Baba, kowa a kira shi da sunan da aka raɗa masa, don wai babu abin da ƙwaƙwalwa take so kamar ta ji sunan mai ita. Kuma kullum bayan azahar za a dafa garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, a zuba a manyan faranti, manaja da lebura su sa hannu tare. Wannan kam ma'aikata sun yi maraba da shi, don ba a haifi mai faɗa da garau-garau ba. Barau kuwa, da ya ji an fara sauke tukunya, sai ya ɗauki buta ya zagaya bayan sito, ya ci abin da ya ƙunso a gindin darbejiya. Kowa ya gane, kowa ya yi shiru. Hambali ma ya gane. Ɗan Kiyako ne, ba a Landan aka yanke masa cibiya ba, kuma shi kansa loma ba za ta wuce masa ba in tsohon yana wurin. Dokar suna ma ba ta hau kan Baba ba, Obadiya ya ci gaba da kai saƙo.

Da an bar abin haka, da ba ni da labarin da zan ba ku. Sai ga waya daga Kano: Dakta Abdulnasir zai zo da mai kyamara, za a yi ɗan fim a nuna wa duniya yadda kimiyyar ƙwaƙwalwa ta gyara wani kamfani a karkara. Hambali ya kawo mini shadda ya ce ɗinkin gaggawa yake so. Yana tsaye ina auna shi yake gaya mini abin da Dakta ya nema: manaja da ma'aikacin da ya fi kowa tsufa, hannu biyu cikin faranti ɗaya, suna kallon juna cikin ido.

Na sauke abin awo na ce, "Wanda ya fi kowa tsufa ai Baba ne."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka gaya wa Daktan naka surukinka ne?"

Ya ce, "Haba, yaya zan ce masa haka? Ya ce har yanzu muna cikin duhun kai? Abin da za a ɗauka yanzu-yanzu a wuce."

Na ce masa ya sa wani dattijon, ga masu furfura nan birjik, Dakta ba zai nemi takardar haihuwar kowa ba. Ya ce ai Baba ne mai fuskar da za ta yi kyau a fim. Ummussalma ma ta yi nata. Matata ta ce har kuka Ummussalma ta yi masa, ta ce, "Baban Khuzaima, ka rufa mini asiri, kada ka sa Baba a cikin wannan abu. Irin wannan in ya zube ba ya kwasuwa." Ya ce mata tsoron canji ne yake damunta, akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa da yake haddasa shi, har ya nuna mata daidai saitin wurin a bayan kunnenta.

Ranar ta zo. Aka share tsakar kamfani, aka jera buhuna a gaban mataccen famfo don kada ya ɓata hoto. Dakta ya iso da ƙaton agogo da ƙamshin turare, ya yi jawabi rabi Hausa rabi Turanci, aka tafa. Na rufe shago na shiga, don ba zan yarda a ba ni labari ba. Da aka sauke garau-garau, Barau ya ɗauki butarsa zai zagaya kamar kullum. Obadiya yana tsaye a kusa, yana ta yi wa Manaja alama da ido, amma Manaja bai neme shi ba. Ya gyara wuyan sabuwar shadda, ya saci kallon kyamara, ya ɗaga murya ya ce:

"Barau! Zo mu ci abinci."

Wani ya ce "Subhanallah" ƙasa-ƙasa. Tsohon ya tsaya cak da buta a hannu, bayansa muke gani. Na ɗauka zai wuce ya fita ƙofa ya nemi motar Basirka, don da ni ne abin da zan yi ke nan. Sai ya wanke hannu da ruwan butar, ya ajiye ta, ya juyo ya tako har gaban farantin, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya yi bismilla. Ya ɗago ya zuba wa mijin 'yarsa ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure, ya ce, "To, Hambali, sa hannu mana."

Ya ci, kuma ba cin kunya ba. Ya cika hannu, ya nemi ƙarin yaji, ya suɗe yatsu, ya yi gyatsa. Hambali ya kai loma ɗaya baki bai ƙara ba, yana murmushin dole, gumi yana jiƙa mini ɗinki. Dakta yana ta ce wa mai kyamara ya matso, wai ga oksitosin nan ƙiri-ƙiri a fuskar dattijo. Da aka gama ya rungume Hambali ya ce wannan fim sai ya kai Abuja.

Barau bai yi fushi ba, bai bar aiki ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Bin doka kawai ya shiga yi. Washegari ya tura ƙofar ofis da kansa yana shan rake, ya ce, "Hambali, tamfol ɗin shanya ya yage, sai yaushe?" A kasuwa in ya hango shi sai ya ƙwala masa kira tun daga nesa. A teburin mai shayi ya zauna kusa da shi, ya ba jama'a labarin yadda ya zo neman aure da takalmin aro da ya fi ƙarfin ƙafarsa, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Babu zagi a ciki, babu kalmar da za ka kama ka ce ga laifi. Wasa kawai yake yi da shi irin wanda yake yi da kowane saurayi a gari.

Gari kuwa ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Tunda Barau ya sauke, kowa ya sauke. Masu dako suka koma "Hambali, miƙo mini igiyar nan". Mai gadi ya daina tashi in ya shigo. Ba shi da bakin magana, shi ya kafa dokar, ga kuma fim yana yawo a wayoyin mutane. An ce Alhaji Sada ya gani a Kano, bai ce komai ba sai dai ya tambaya ko tsohon yana lafiya. A gida Ummussalma tana dafa masa abinci tana gaishe shi, amma ta daina zuwa Basirka, ta ce ba ta da idon da za ta kalli mahaifiyarta.

Da'irar safe ta mutu da kanta. Garau-garau ma aka daina da wake ya yi wuya. Damina ta zo, ma'aikata suka watse gonakinsu kamar yadda suka saba, oksitosin bai riƙe ko mutum ɗaya ba. Dakta kuwa tun da ya sami fim ɗinsa bai ƙara ɗaga wayar Manaja ba.

Hambali ya rame, ni da nake auna shi na fi kowa sani. Wata rana da kaka ya zo shagona ya zauna ya ce in raka shi Basirka, Baba ya tafi gida girbi, yana so ya ba shi haƙuri. Na ce irin wannan tafiya ba tela kaɗai ake ɗauka ba, dattijo ake nema. Ya samo wani kawunsa daga Kiyako, muka sayi goro, muka shiga motar Gwaram, daga can muka hau babur. Duk hanya yana maimaita abin da zai faɗa, kuma ban ji dofamin ko sau ɗaya a ciki ba.

Mun tarar da Barau a ƙofar gida shi da mutanen unguwa, suna hira suna ɓarar gyaɗa. Hambali ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya matso ya zube a gabansa, kansa a ƙasa. Kawun ya ajiye goro ya yi bayani mai kyau. Ya ce yaro ya yi kuskure, ruɗin zamani ne, a dubi zumunci, a dubi jikoki, a mayar da shi matsayinsa na da.

Na zuba wa Barau ido ina roƙon Allah ya sa ya ji nauyi ya sunkuya. Abin da muka zo nema ke nan. Ko ya ɗaure fuska ya yi faɗa, shi ma da mun karɓa hannu bibbiyu, don wanda ake yi wa faɗa akwai sauran fata a kansa.

Barau ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. Ya ce wa kawun, "Haƙurin me kuma, Alhaji? Wallahi ban riƙe shi da komai ba. Da kun tambaye ni da ba ku sha wahalar hanya ba." Sannan ya dafa kafaɗar Hambali ya girgiza shi. "Kai, tashi mana, me kake yi a ƙasa? Ai ni da kai yanzu mun zama ɗaya. Kawo hannu."

Ya kamo hannun Hambali ya ɗaga, ya tafa da shi, tas, a gaban kowa. Ya matsa masa a kan tabarma, ya tura masa kwanon gyaɗa, ya juya ya ci gaba da hirarsa a kan tsutsar da ta shiga wake bana.

Na dubi fuskar Barau da kyau ina neman ƙeta ko ramuwa, ban gani ba, kuma wannan ne ya sanyaya mini jiki. Da horo yake yi masa, da sai a ce wata rana zai ƙare. Kunyar ce ta fita, kuma ko shi tsohon ya so ba shi da inda zai samo wata. Na zo da niyyar in muka kama hanyar gida in ce wa Hambali ai na gaya maka, amma a lokacin tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Hambali ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa yana ɓare gyaɗa, hawaye suna ɗiga a kan hannunsa. Barau ya waiwayo ya gan shi, ya zungure shi da gwiwar hannu, ya ce wa jama'a, "Ku ga mini ƙato yana kuka." Aka kwashe da dariya.